Gwangwanin Maganin Tobiya

Shekara ashirin da uku Roseline ta yi tana aikin jinya a Jalingo, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kiranta ofis a kan wani kuskure ba. Mace ce mai kaifin ido da saurin baki. Ƙananan ma'aikatan jinya suna shakkarta. Majinyata kuwa sai su yi ƙorafin faɗanta yau, gobe su ce a kira musu ita, domin idan ta kama hannun mutum ba ta neman jijiya sau biyu. A unguwar Majidaɗi take zaune, kuma kowa a layinsu Sista yake ce mata.

Yayanta Tobiya manomi ne a Sunkani. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Lokacin da mahaifinsu ya rasu Tobiya yana aji uku a sakandare, ya ajiye littafi ya shiga gona, kuma da doyarsa da masararsa Roseline ta yi karatu har ta sa fararen kaya. Bai taɓa yi mata gori ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, siriri kamar sanda tun yarintarsa, amma a 'yan shekarun nan ya yi jiki. Mutanen coci suna ta yi masa barka, suna cewa matarsa Ƙauna ta iya kiwo. Roseline ma da ta gan shi a Kirsimeti biyu da suka wuce dariya ta yi, ta ce Yaya ya fara zama babban mutum. Duk zuwan da take yi na rabin yini ne, ta ci abinci ta juyo, ba ta taɓa zama ta dube shi da idon aikinta ba.

Wata Asabar cikin watan Agusta dangin saurayin Hope, babbar 'yar Tobiya, suka zo gaisuwar neman aure. Roseline ta isa Sunkani tun da hantsi da buhun shinkafa a bayan mota. Tana shiga gidan ta tarar da yayanta yana ƙoƙarin tashi daga kan benci. Sai da ya dafa gwiwa da hannu biyu, ya yunƙura sau biyu, sannan ya miƙe. Singileti ce a jikinsa don bai riga ya shirya ba, kuma a nan ne ta ga abin da babbar riga ta daɗe tana ɓoye mata. Fuskarsa ta cika ta yi da'ira, wani tudun kitse ya taru a bayan wuyansa, ciki ya fito, amma hannuwa da ƙafafu sun tsotse. Ga tabo baƙi-baƙi a damtsensa kamar wanda aka doka. Da singiletin ta ɗaga sai ta hango wasu layuka masu faɗi a gefen cikinsa.

"Yaya, me ya same ka a hannu?"

"Oho. Ko ƙofa na goga sai ya yi haka."

"Kana shan wani magani?"

"Baƙi suna hanya, Roseline. Je ki taya Maman Hope."

Ta je ta taya, amma hankalinta bai bar wurin ba. Baƙi suka zo, aka yi addu'a, aka gabatar da juna, aka ci abinci a ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Ana cikin haka Ƙauna ta aike ta ɗakinsu ta ɗauko ƙarin faranti daga ƙarƙashin gado. Tana jawo kwandon sai ga wani gwangwanin madara babba ya biyo shi. Ta buɗe. Cike yake da falle-fallen ƙwayoyi farare ƙanana, wasu an ɓare, wasu sababbi. Ta karanta sunan. Firednisolon ne, ɗaya daga cikin magungunan da ake kira sitiroyid.

Da ta jira baƙi sun tafi, da labarin ya zama wani. Amma ranta ya riga ya ɓaci, tsoro da fushi suka haɗu mata wuri guda. Ta fito da gwangwanin a hannu, ta tsaya a bakin rumfa.

"Yaya, tun yaushe kake shan wannan?"

Kawun saurayin ya ajiye cokali. Tobiya ya dubi gwangwanin, ya dubi baƙinsa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Maganin gwiwa ne. Za mu yi magana anjima."

"Tun yaushe?"

Ƙauna ce ta amsa daga bayanta. "Shekara uku ne, Anti. Mai kemis ne ya ba shi. Guda huɗu kullum da safe. Yana taimakonsa sosai."

"Taimako? Wannan ne taimako? Ki dubi fuskarsa! Kuna ganin ƙiba ce? Ciwo ne! Wannan abu yana cinye masa ƙashi, yana kawo ciwon suga da hawan jini. Kana da ƙanwa a asibiti, amma ka tafi wurin mai kemis kamar wanda bai taɓa shiga aji ba!"

Maganar ta ƙarshe ita ce ta yi ɓarna. Tana fita daga bakinta ta san ta taɓa inda bai kamata ba. Hope ta tashi ta shige ɗaki. Tobiya ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali, bai ɗaga murya ba.

"Gaskiya ne, ban gama aji ba. Kin san dalili. Ki tafi da shi, Roseline. A gaban mutanen nan na faɗa, ba zan sake sa shi a bakina ba."

A nan ne ya kamata ta ce a'a. Ta san abin da ake koya wa kowane ɗalibin jinya: akwai wasu ƙananan tsoka biyu a saman ƙoda da ke samar da sinadarin da ke riƙe wa mutum ƙarfin jini da sukarin jiki, musamman idan ciwo ya zo. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan ƙwaya, tsokar nan sai su yi barci, tunda ana kawo musu aikinsu daga waje. Idan aka yanke ƙwayar rana ɗaya, jiki sai ya rasa na waje ya rasa na ciki. Ragewa ake yi a hankali, wata da watanni, a hannun likita. Ta faɗa wa majinyata wannan maganar sau ba adadi. Amma a ranar, da idon baƙi a kanta da kunyar abin da ta furta, abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ka zo asibiti ranar Litinin mu ga likita." Ya riga ya juya yana ba surukansa haƙuri.

Ta sa gwangwanin a jaka don ta nuna wa likita, ta kama hanyar Jalingo kafin la'asar, ba ta yi sallama da kowa ba sai Hope. A hanya zuciyarta ta ce mata ta juya ta mayar. Sai ta ce wa kanta ai kemis ɗin yana nan kusa da kasuwa, wanda ya shekara uku yana shan abu ba zai kwana biyu bai saya ba. Ta faɗi haka ne alhali ta san yayanta. Mutumin da ya bar burkutu rana ɗaya saboda wata magana da wani dattijon coci ya yi masa, kuma bai sake kusantarta ba har yau.

Ranar Litinin bai zo ba. Ta kai gwangwanin wurin Dokta Nasiruddeen, likitan da suke aiki tare a ɗakin maza, saurayi mai natsuwa wanda ta girme wa da shekara goma sha biyar. Ya juya fallen a hannu, ya yi tsaki.

"Huɗu kullum, shekara uku? Sista, ki kawo shi mu gwada suga da jini, mu tsara masa yadda zai rage. Amma dai ki tabbata bai tsaya lokaci guda ba."

"To, Dokta," ta ce. Ba ta faɗa masa cewa duk abin da yayanta yake da shi ne a kan teburin ba.

Ranar Laraba ta kira wayarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ranar Alhamis ta sake kira, aka katse. Ta ji haushi. Tana da lambar Ƙauna, amma ta tuna irin kallon da matar ta yi mata a bakin rumfa, sai ta ajiye wayar. Ta yanke shawarar za ta je da kanta ranar Asabar. Asabar ta zo da ruwan sama tun asuba, ga wata abokiyar aiki ta roƙe ta ta karɓar mata aikin safe, ta karɓa. Lahadi ta je coci, ta dawo a gajiye, ta ce sai mako mai zuwa. Ba wai ta manta ba ne. Kullum abin yana ranta. Jira take yi shi ya fara kira.

Ranar Talata, kwana goma cif bayan gaisuwar, wajen ƙarfe goma sha biyu na rana, tana rubuta rahoto sai aka aiko daga ɗakin gaggawa wai wata mata tana neman Sista Roseline. Tana isa ta ga Ƙauna a tsaye, zani ya kwance mata, ɗankwali a hannu. A kan gadon turawa Tobiya ne kwance, ido a rufe, leɓe a bushe, jikinsa sanyi da gumi.

"Anti, Baban Hope ba ya magana tun safe."

Roseline ta kama wuyan hannunsa, da ƙyar ta ji bugun, siriri da sauri. Ta ɗaura abin awon jini da kanta. Sittin a kan arba'in. Ta soki yatsarsa, sukari ya yi ƙasa ƙwarai.

"Tun yaushe yake haka?"

"Kwana uku bayan kin tafi ya fara gajiya, jikinsa duka na ciwo, ba ya cin abinci. In ya tashi sai jiri. Ranar Asabar zazzaɓi ya zo, da amai, da ciwon ciki. Mun kai shi wani ƙaramin asibiti a can, suka ce maleriya da taifot, suka yi allura, suka sa ruwa ɗaya."

"Ƙwayar fa? Ya sayi wata?"

Ƙauna ta girgiza kai. "Ya ƙi. Na ce zan sayo, ya ce in na kawo shi gidansa in koma gidanmu."

"Kun faɗa musu a can cewa yana shan ta?"

"Ya hana ni."

Roseline ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta ɗaga murya a kira Dokta Nasiruddeen, ta ce wa nas ɗin da ke wurin ta kawo ruwan gishiri da na sukari da allurar haidirokotizon, mai maye gurbin sinadarin da jikinsa ya rasa. Jijiyoyinsa duk sun kwanta. Ta nema a hannun dama ta rasa, ta nema a hagu ta rasa, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Sai a karo na uku ta samu a gwiwar hannu. Likita ya iso da gudu, ya ji bayani cikin jimla biyu, ya ce a ba da allurar nan take. Ya dube ta sau ɗaya, ya koma kan majinyaci.

Aka tura sukari, aka buɗe ruwa yana zuba da sauri, aka ɗebi jini, aka sa robar fitsari. Abin da ya fito cikin jakar bai cika ƙaramin kofi ba, kuma baƙi-baƙi. Bayan awa ɗaya jini ya hau zuwa tamanin. Kafin la'asar ya kai casa'in da biyar, Tobiya ya motsa kai ya yi nishi. Ƙauna ta durƙusa a ƙasa tana yi wa Allah godiya da ƙarfi.

Aka mayar da shi ɗakin maza, gado na biyu daga taga. Shugabar ma'aikatan jinya ta ce bai dace Roseline ta yi jinyar ɗan'uwanta ba, ta ba ta hutun kwana uku. Ta karɓi hutun, ta cire fararen kaya, ta dawo cikin atamfa ta zauna a kujerar 'yan jinya. Duk abin da ake yi idonta na kai. Allura duk bayan awa shida, ta san lokacin kafin a zo. Awon jini duk awa, sukari duk awa huɗu. Ta sami littafi tana rubuta abin da ya shiga jikinsa da abin da ya fita. Da wata sabuwar nas ta zo cire filasta, Roseline ta riƙe hannunta.

"A hankali. Jiƙa shi tukuna. Fatar irin waɗannan kamar takarda take, in kin ja za ta biyo ki."

Ita take juya shi duk awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ta goge masa baki da auduga, ta duba tsakanin yatsun ƙafarsa ko akwai rauni, domin maganin yana ɓoye ciwo ya hana shi warkewa. A ƙarƙashin diddigen hagu ta sami wani tsohon yanka na fartanya da ya ruɓe a ciki ba tare da ya kumbura sosai ba. Ta nuna wa likita, aka wanke, aka ƙara maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Ranar Laraba da hantsi Tobiya ya buɗe ido sosai. Ƙauna ta fita neman kunu. Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya juyo.

"Roseline."

"Na'am, Yaya."

"Jalingo ne nan?"

"Jalingo ne. Jiya aka kawo ka."

Ya nemi ruwa, ta ɗaga kansa ta ba shi da cokali. Ya tambayi abin da ya same shi, ya ce shi dai ya san maleriya, wannan ba ita ba ce. Sai ta jawo kujera ta yi masa bayani yadda take yi wa kowa, a hankali, da Hausa mai sauƙi. Ta dunƙula hannu ta nuna masa ƙoda, ta ɗora ɗan yatsa a kai ta ce ga ƙaramar tsokar da ke zaune a samanta. Ta ce shekara uku ƙwayar tana yi mata aikinta, sai ta kwanta barci. Da aka ɗauke ƙwayar ba ta farka ba, ga zazzaɓi ya zo, jiki ya nemi taimako bai samu ba. Ta ce yanzu za a ci gaba da ba shi maganin, in ya warke a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har tsokar ta tashi. Za a ba shi kati ya riƙa yawo da shi a aljihu, duk asibitin da ya shiga ya nuna. Ranar da ya yi zazzaɓi kuma ƙara maganin ake yi, ba dainawa ba.

Ya saurare ta har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Na gane," ya ce. "Abin ba wuya ashe." Ya dube ta. "To me ya sa ba ki faɗa min haka ba ran nan?"

Ba da faɗa ya yi tambayar ba. Yadda zai tambayi dalilin da ya sa ruwa ya makara haka ya yi ta. Roseline ta so ta ce ai ta ce ya zo Litinin, ta so ta ce ta kira bai ɗauka ba. Duk gaskiya ne, kuma babu wanda ya amsa abin da ya tambaya.

"Fushi na yi, Yaya. Ka yafe min."

"Ni ma na ga kiranki," ya ce. "Sau biyu." Ya lumshe ido. "Gwiwar nan ce. In ban sha ba ba na iya kaiwa gona. Na so in faɗa miki tuntuni, amma kullum kina sauri."

Ƙauna ta shigo da kunu, maganar ta tsaya a nan. Ya sha cokali biyar. Da yamma Hope ta zo, ya yi mata wasa, ya ce kada ta bari surukanta su ji cewa gado ya kayar da shi. Duk wanda ya gan shi a ranar ya ce sauƙi ya samu.

Roseline kaɗai take kallon jakar fitsari. Ruwa leda shida ya shiga jikinsa, abin da ya fito bai kai rabin leda ba. Ranar Alhamis da safe ƙafafunsa suka kumbura, ya fara shaƙuwa, yana magana yana ɓacewa. Sakamakon jini ya fito. Dokta Nasiruddeen ya kira ta waje, ya tsaya da ita a baranda.

"Sista, kin ga abin da na gani. Ƙodar ta daɗe ba ta samun jini. Kwana biyu ko uku yana cikin wannan hali kafin a kawo shi. Ga ciwon ƙafar ya shiga jini. Sai an yi wankin ƙoda, amma jininsa ya sake sauka, in bai tsaya ba injin ba zai karɓe shi ba."

"Dokta, ranar da na kawo maka gwangwanin nan, duk maganinsa ke nan. Ni na ɗauke."

"Na yi tunanin haka," ya ce. "Bari mu yi abin da ke gabanmu."

Sun yi. An ƙara allurai, an sa maganin ɗaga jini, an yi ta waya da sashen wankin ƙoda ana jiran jinin ya tsaya. Bai tsaya ba. Ranar Juma'a, ana fitowa daga masallaci, numfashinsa ya canza. Fasto ya zo ya yi addu'a. Ƙauna tana riƙe da hannun dama, Hope tana wajen ƙafa, Roseline tana tsaye da yatsu biyu a wuyansa. Ita ta ji lokacin da bugun ya tsaya, wajen ƙarfe uku da rabi, kuma ita ta je ta kira likita ya zo ya tabbatar.

An binne shi a Sunkani ranar Talata. Mutane suka yi ta zuwa suna yi wa Roseline sannu da ƙoƙari, suna cewa ba don ita ba da tun ranar farko ya tafi. Wata tsohuwa ta riƙe hannunta ta ce Allah ya ba kowa ƙanwa irinta. Ta amsa wa kowa da amin. Ƙauna ba ta yi mata magana ba sai gaisuwa.

Ta koma aiki bayan mako biyu. Aikin yana tafiya yadda ya saba, sai dai ƙananan nas-nas sun lura ta rage faɗa, har wata ta tambaye ta ko ba ta da lafiya. Gado na biyu daga taga kuwa, idan aikin raba gadaje ya zo hannunta, takan ba wa wata.

Cikin watan Oktoba, wata Alhamis da safe, tana shanya kaya a tsakar gida aka yi sallama. Ƙauna ce, cikin baƙaƙen kaya, ta rame. Roseline ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Suka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi gona. Ƙauna ta sha ruwan ta ajiye kofin.

"Anti, tambaya ɗaya ce ta kawo ni. Ki faɗa min gaskiya, ke ce kika san aikin. Da ba ki ɗauke maganin nan ba, da yana nan?"

Roseline ta yi wata biyu tana jiran wannan tambaya, ta shirya amsoshi da yawa. Akwai ciwon ƙafa, akwai ɓarnar shekara uku, akwai mai kemis, akwai waɗanda suka riƙe shi kwana uku ba su tambayi komai ba. Ta dubi matar yayanta.

"Ina jin da yana nan, Maman Hope. Maganin yana cutar da shi, amma ba ranar zai kashe shi ba. Da na bar masa, ko da na ce kada ya daina, da mun rage shi a hankali. Na san haka tun ina tsaye a rumfar."

Ƙauna ta gyaɗa kai, hawaye yana zuba ba ta share ba.

"Ni ma sun tambaye ni a can, ko yana shan wani abu. Ya kalle ni, na ce babu." Ta ja majina. "Kullum ina tunanin wannan. Na ɗauka in na ji naki, nawa zai yi sauƙi."

"Ya yi?"

"A'a."

A maƙwabta wata tana daka, rediyo yana magana. Can Ƙauna ta gyara ɗankwali ta ce akwai wani abu kuma. Yayarta da ke Mayo Gwoi, nan cikin Jalingo, ita ma irin ƙwayar take sha, don ciwon baya, ya fi shekara. Tun rasuwar take son jefar da ita don tsoro.

"Kada ta jefar!" Roseline ta faɗa da ƙarfi har ta miƙe. "Ko na kwana ɗaya kada ta tsallake. Bari in sa takalmi mu je yanzu."

"A'a, Anti." Ƙauna ta ɗaga hannu. "Ba za ta yarda da ke ba. Ta ji labari. Likitan nan nake so, mai haƙurin nan. Ki faɗa min ranar da yake zama."

Roseline ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Sannan ta ajiye shi, ta shiga ɗaki ta yago takarda. Ta rubuta sunan Dokta Nasiruddeen, da ranakun Litinin da Laraba, da ƙofar da za su bi. A ƙasa ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa yayar Ƙauna ta ci gaba da shan maganin yadda ta saba har ta ga likita, ta zo da fallen a hannu, in kuma amai ko zazzaɓi ya kama ta kafin ranar a kawo ta nan take a faɗi abin da take sha. Ta karanta wa Ƙauna sau biyu, ta sa ta maimaita.

Ƙauna ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zani. Ta ƙi tsayawa cin abinci, ta ce tana so ta biya Mayo Gwoi kafin rana ta yi zafi. Roseline ta raka ta bakin titi, ta tsayar mata da keke. Da za ta shiga, Roseline ta ce ta gaishe da yara, Ƙauna ta ce za su ji. Keken ya tashi ya bi ta gaban masu sayar da lemu ya sha kwana.

Roseline ta koma gida. Sauran kayan wankin suna cikin bokiti, ta ƙarasa shanya su, ta yi wanka, ta goge fararen kayanta, domin ƙarfe biyu take karɓar aiki.